Sunan 'Yar Fari

Illo bai kashe babur ba sai da ya kai su har bakin zaure. Kulu ta sauko a hankali, hannu ɗaya tallafe da goyon da ke bayanta, ɗayan riƙe da jakar leda mai takardun likita. Yarinya 'yar shekara shida ta goyo, amma nauyinta bai kai na tulun ruwa ba. Tun daga Yamai har Konni, wuni guda a cikin mota, Najiba ba ta yi wata doguwar magana ba sai sau ɗaya, wajen Dogon Dutsi, da ta ɗago kai ta yi tambayar da ta hana Kulu cin abincin rana.

"Inna, Yaya Ummu ta san sunana?"

"Wace irin magana ta wagga? Ta sani mana."

"To mi ya hana ta hwaɗi? Uwar Fadila, can likita, kullum tana kiran Fadila."

Kulu, wadda duk unguwar bayan tasha ta san ba a kayar da ita a magana, sai ta ce wa yarinyar ta yi barci.

Wadda Najiba ke ce wa Yaya Ummu ita ce ta haife ta. Ummusalma sunanta, matar Illo, kuma a tsakar gida suka iske ta tana tankaɗen garin hatsi, da jariri kwance a gefenta. Ta miƙe ta karɓi jakar leda, ta kawo ruwa a kwanon sha, ta durƙusa.

"Sannunku da hanya, Inna. Kun sha zahi. Ƙaƙa mota? Ƙaƙa mutanen Yamai?"

Ta tambayi hanya, ta tambayi zafi, ta tambayi har ciwon bayan Kulu. Yarinyar ce kaɗai ba ta tambaya ba. Sau ɗaya idonta ya sauka a kan 'yan ƙafafun da ke reto daga cikin zanen goyo, ta yi maza ta ɗauke shi. Najiba 'yar farinta ce, kuma a gidajen da suka san kansu uwa ba ta kiran sunan 'yar fari, ba ta ɗaukarta a gaban mutane, ba ta nuna ta damu da ita. Ummusalma ta riƙe wannan alkunya fiye da yadda tsofaffi ma suka nema.

Sai da aka kwantar da Najiba a ɗakin kakarta Amina, uwar Illo, sannan Kulu ta fito ta zauna a ƙarƙashin darbejiya ta faɗi abin da ta ɗauko. Ba ta iya kwana-kwana ba, don haka ba ta yi ba.

"Likita yac ce abin ya hau huhu. Ba su ƙara mata ruwan nan. Sun ba mu maganin rage ciwo, sunka ce mu maido ta gida cikin 'yan uwanta."

Kaka Amina ta ci gaba da jan carbinta, sai dai yatsunta sun rage sauri. Illo ya cire hula ya duba cikinta ya mayar.

"Likita ya yi nashi," in ji shi. "Saura na Mai ita. Shi da ya ba mu ita bai manta da ita ba."

Ummusalma ta koma kan tankaɗenta. Kulu ta lura rariyar ba komai a ciki, amma tana ta kaɗa ta.

Yadda Kulu ta zama Innar Najiba ba wani abin mamaki ba ne. Katanga ɗaya ta raba gidanta da na su Illo, wata damina ta ci mata kusurwa, ba wanda ya gyara. Ta nan Najiba ta fara rarrafowa tana bin ƙanshin man gyaɗa, don Kulu sana'arta ke nan, mai da ƙuli-ƙuli, tun rasuwar mijinta. 'Ya'yanta maza biyu suna Abijan, ba ta da mace. Da aka yaye yarinya a gadon Kulu ta kwana, kuma daga nan ba ta koma ba. Uwar ma in za ta ambace ta sai ta ce "ɗiyar Inna". Kulu na jin daɗin wannan suna, ba ta taɓa ɓoyewa ba. A gidan biki takan ce, "Wasu sun yi naƙuda, mu mun samu ɗiya."

Bara da kaka cikin yarinyar ya fara kumbura ta gefe ɗaya. Aka ce shawara ce, aka ce tsutsar ciki ce, aka sha jiƙo iri-iri. Daga baya likitan Konni ya tura su Yamai, can aka ce ciwon daji ne a ƙoda. Lokacin Ummusalma na da tsohon ciki, Kaka Amina gwiwa ta hana ta hawa mota, Illo kuwa in ya ajiye kabu-kabu kwana uku tukunya ba ta hawa murhu. Kulu ta rufe kaskon suyarta ta ce ita za ta je, kuma ba wanda ya yi mata gardama. Aka cire ƙoda ɗaya. Aka shiga ɗura wa yarinya wani jan ruwa ta jijiya, wanda ma'aikatan ke ce wa shimiyo, duk bayan sati uku. Gashinta ya zube a kan matashi, bakinta ya yi gyambo, ko ƙanshin miya ta ji sai amai. Wata tara Kulu na hawa da sauka a wannan hanya, har 'yan kamashon tasha suka fara ajiye mata kujerar taga.

A gida kuma kowa ya kama igiyar da hannunsa ya kai. Illo ya ɗauki alkawarin sadakar waina duk Jumma'a, bai taɓa fashi ba ko ranar da bai samu fasinja ba. Malamin unguwa yana rubutu a allo, a wanke a zuba a gora, Kulu ta tafi da shi Yamai ta ɓoye a ƙarƙashin gado tana ba yarinya bayan an gama zagayen safe. Kaka Amina ta sa aka sauke Alƙur'ani sau biyu. Ummusalma ba ta ce ta ɗauki komai ba, amma Kulu ta gane tana azumin Litinin da Alhamis ga shayarwa, har wuyanta ya fito. Ita ce kuma ta saƙa 'yan hulunan ulu da Najiba ke rufe kai da su, sai dai ba ta taɓa sa mata da hannunta ba. Takan miƙa wa Kulu ta ce, "Inna, ga wanga, ko ɗiyarki tana so."

Wannan karon da suka dawo ba a sake zancen Yamai ba. Kulu ta tare a ɗakin Kaka Amina, tana ɗiga wa yarinya maganin rage ciwo a kan lokaci, tana juya ta in gefe ɗaya ya gaji. Najiba ba ta iya kwanciya sosai saboda numfashi, sai a jingine a jikin mutum, kuma jikin Kulu ne. Maƙwabta na shigowa su yi tofi su fita. Ummusalma na dama kunu mai ruwa-ruwa ta tace shi sau biyu, ta kawo har bakin ƙofa, ta miƙo hannu ta cikin labule. Duk lokacin da labulen ya motsa sai idon Najiba ya tafi can, ya tsaya har hannun ya janye.

Ranar ta huɗu Kulu ta kasa jurewa. Ta bar yarinya a jikin kakarta, ta bi Ummusalma madafa ta same ta tana hura wuta.

"Ummu, aje muhucin nan ki saurare ni. Yarinyag ga ba ta daɗewa. Ke ma kin sani."

"Allah shi ne masani, Inna."

"Shi ne masani, amma ya ba mu ido. Cikin mota ta tambaye ni ko kin san sunanta."

Muhucin ya tsaya. Ummusalma ba ta ɗago ba.

"Ki shiga ki ɗauke ta," in ji Kulu. "Ki kira ta da sunan da ubanta ya yanka mata rago. Sau guda ya isa. Malam ma da za shi rubutu, sunan wa ya tambaya bayan nata? Nawa? Naki ya tambaya."

"Inna." Muryar ta fito a hankali, ba rashin kunya a cikinta. "Kwananta tara a duniya kinka shigo ɗaki kinka ishe ni ina sumbatar goshinta. Kin tuna abin da kinka ce?"

Kulu ta tuna sarai. Ta ce 'yan lakwal, 'yan makarantar boko, ba su da ta-ido, ta ce in surukarta ta gani ina za ta sa fuskarta, ta karɓe jaririyar daga hannunta. Har dariya aka yi a gidan, ita ma ta yi.

"Shekarata sha bakwai sannan," in ji Ummusalma. "Ke kinka koya mini, kuma na koya. Yanzu ina ɗauko sunan tun daga ciki, in ya kawo nan," ta taɓa maƙogwaronta, "sai shi tsaya. Na gwada. A sujada kaɗai shika hita. Can ina hwaɗinshi kullum, Allah yana ji."

"Allah ya san sunanta tun ba ki haihe ta ba. Ita ta ba ta ji ba."

Ummusalma ta sa gefen mayafi ta goge ido, ta ce hayaƙi ne. Kulu ta ja turmi ta kifa ta zauna a kai. Kunya ce ta kama ta, irin wadda ba ta taɓa ji ba, da haushin kanta. Sai ta faɗi abin da ko 'ya'yanta na Abijan ba su taɓa ji daga bakinta ba.

"Ni ma ina da na hwari. Can ƙauyenmu, wajen Bazaga. Ƙyanda ta kama shi yana shekara huɗu. Ran da za shi tahi ina tsakar gida ina daka, shina ɗakin uwar mijina shina kiran ruwa. Ban shiga ba. Da anka hito da shi ban aje taɓarya ba. Mata sunka yi ta yabona, wai ba a taɓa ganin mai kunya irina ba. Shekara talatin da biyu ke nan. Yabon nan bai taɓa sa na yi barci ba."

"Mi sunanshi?"

Kulu ta buɗe baki, ita ma sunan ya tsaya mata. Sai da ta haɗiye yawu sau biyu.

"Bala," ta ce.

Wutar ta mutu, Ummusalma ta sake hura ta.

Kwana biyu suka wuce ba abin da ya sake. Hannu na shigowa ta labule da kunu, hannu na janyewa. Sau ɗaya Kulu ta ga ƙafafun Ummusalma sun tsaya a bayan labulen sun daɗe, har babban yatsa ya taka dokin ƙofa, sai jariri ya yi kuka ta juya. Kulu ta so ta tashi ta jawo ta da ƙarfi, amma ta san abin da aka yi shekara shida ana ɗaurewa ba a kwance shi da fizga. Tsoro ya cika ta, don tana ganin yarinyar na raguwa kullum.

Ranar Jumma'a Ummusalma ta soya wainar sadaka tun da sassafe, Illo ya ɗaure kwanon a bayan babur ya tafi rabawa. Da hantsi numfashin Najiba ya sauya. Ya zama gajere, da 'yar ƙara a ƙarshensa, kuma tsakanin ɗaya da ɗaya ana jira. Kulu ta zauna da masu jinya da yawa a Yamai, ta san wannan numfashi. Ta dubi Kaka Amina, tsohuwar ta dube ta.

"Ummu," Kulu ta ɗaga murya. "Zo ki karɓe ni. Ƙahwata ta mutu."

Sannan labule ya ɗaga, Ummusalma ta shigo da gari a hannuwanta, ta tsaya ganin surukarta a zaune. Kaka Amina ta dafa bango ta miƙe da ƙyar, gwiwoyinta na ƙara.

"Bari in ga akuyoyin nan, tun sahe ba a ba su ruwa ba," ta ce. A bakin ƙofa ta tsaya, ba ta waiwayo ba. "Zamna, ɗiyata. Ba mai ganinki sai Allah."

Ummusalma ta goge hannu a zane ta zauna a kan tabarma ta miƙe ƙafafu. Kulu ta ɗaga yarinyar ta ɗora mata, kai a kan ƙirji, jiki a kan cinya. Hannuwan uwar suka tsaya a sama kamar an miƙa mata kwanon da ya yi zafi, sannan suka sauka. Najiba ta buɗe ido rabi. Ta ga fuskar da ke samanta, ta daɗe tana kallo, 'yan yatsunta suka kama bakin mayafin uwar.

Kulu ta ja da baya ta tsaya a jikin ƙofa.

"Sannu," in ji Ummusalma. "Sannu, ɗiyar Inna."

Kulu ta ciji leɓe har ta ji gishiri.

Ummusalma ta rufe ido ta fara Fatiha. Ta gama ta tofa a kan yarinyar, ta buɗe baki za ta kira sunan, ba abin da ya fito. Ta sake rufe ido ta kama Ƙulhuwallahu, tana karantawa da sauri irin na mai neman ƙarfin tsallake rami. Ta yi ɗaya, ta yi biyu. Kulu ba ta kallon uwar. Idonta na kan ɗan ramin da ke ƙasan wuyan Najiba, wanda ke shiga yana fita da kowane numfashi. Ya shiga, ya fita. Aka jira. Ya shiga. A tsakiyar karatu na uku Kulu ta ga bai sake motsi ba, kuma yatsun da ke riƙe da mayafi sun saki.

Ummusalma ba ta gani ba, idonta a rufe yake. Ta kai ƙarshen sura, ta ja numfashi, ta sunkuya har bakinta ya taɓa kunnen yarinyar.

"Najiba," ta ce.

Sunan ya fito a shaƙe, kamar ba muryarta ba. Ta sake faɗa, wannan karon sarai.

"Najiba. Ni ce. Ni na haihe ki."

Ta jira. Sannan ta buɗe ido ta duba fuskar, ta sa tafin hannu a kan ƙirjin, ta bar shi a can. Daga waje ana jin Kaka Amina na zuba ruwa a kwatarniya, da wani babur da ya wuce. Ummusalma ta ɗago kai ta dubi Kulu.

"Inna, ta ji?"

Kulu ta yi shekara hamsin da wani abu tana faɗa wa mutane gaskiya ko sun so ko ba su so, har ana gudun shawararta. Ta san abin da idonta ya gani, ta kuma san Allah ya ga abin da ta gani.

"Ta ji," ta ce. "Na ga ta motsa ido."

"Kin tabbata?"

"Ina tsaye nan. Ta ji."

Ummusalma ta gyaɗa kai. Ta ce innalillahi wa inna ilaihi raji'un, ta sa yatsa biyu ta rufe idanun 'yarta. Kulu ta fita ta gaya wa Kaka Amina, ta aika a nemo Illo, sannan ta zaga bayan ɗaki ta dafa bango ta nemi gafarar Ubangiji, ba ta ma san wanne daga cikin laifuffukanta take nema wa ba.

Kulu ce ta yi wa yarinyar wanka. Sai da ta roƙi Ummusalma sau uku kafin ta saki gawar. Bayan an sauko daga Jumma'a maza suka yi salla a ƙofar gida, Illo ya ƙi a sa ta a makara, ya ɗauke ta a hannuwansa nannaɗe da tabarma, yana tafe yana salati, mutane na biye.

Kafin la'asar gida ya cika da mata. Suka shiga ɗakin Kaka Amina inda Ummusalma ke zaune, a daidai wurin da aka bar ta, idonta a bushe. Kowacce ta durƙusa ta ce Allah ya ba da haƙuri, Allah ya sa mai ceto ce, ita kuma tana amsawa da amin ɗaya bayan ɗaya. Wata tsohuwa daga Illela ta juya ta ce wa ta kusa da ita, a muryar da kowa zai ji, "Kun ga ɗiyar mutunci. Ɗiyar hwari ta, ko hawaye ba ta yi ba." Kulu na rabon ruwa a lokacin. Ta ajiye kwanon a gaban tsohuwar da ƙarfin da ya sa rabinsa ya zube.

Ɗakin ya yi ƙunci, wasu na tsaye a waje. Hassana, ƙanwar Illo, ta taɓa kafaɗar Ummusalma.

"Yaya, tanƙwashe ƙahwa kaɗan, baƙi su samu wuri."

Ummusalma ta dubi cinyoyinta. Tun hantsi suke a miƙe, zanen ya lotsa a tsakiya, inda Najiba ta kwanta. Ta dafa ƙasa da hannu biyu, ta ja jikinta gaba ɗaya zuwa jikin bango, a hankali, ƙafafun na miƙe yadda suke. Matan suka raɓa ta gefe suka zauna.